Lamba Arba'in da Bakwai

"Idan na'urar ba ta amsa ba, ki koma unguwarku Na'ibawa," manajan masana'antar fata ya ce wa yarinyar da ta zo gwaji.

Ubanta, ma'aikaci a masana'antar, yana tsaye a bakin ƙofa, ya tuɓe takalmansa a waje. Wata uku ya yi yana roƙo a gwada 'yarsa a aikin kwamfuta.

Yarinyar ta rubuta umarni biyu da harshen kwamfuta na Kobol: ɗaya ya karɓi lambar ma'aikaci, ɗayan ya nuna sunansa a allo.

"Kai, Arba'in da Bakwai, zo ka danna lambarka mu gani," in ji manajan, yana nuna uban.

Ya danna da yatsan da rini ya baƙanta. Cikakken sunansa ya bayyana, har da Malam a gaba.

Manajan ya karanta, ya yatsina fuska. "Ta yi kuskure. Ba mu da mai wannan suna a nan."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Uban ya fita, ya saka takalmansa, ya dawo har tsakiyar kafet.

"Kuna da shi, yallaɓai. Shekara goma sha tara ke nan yana amsa lamba. Na'urar ta yi daidai, 'yata ma haka. Yaushe za ta fara aiki?"