Inuwar La'asar

"Itace ba ya haihuwar kuɗi yana tsaye, Yaya."

"Kai ma ba ka haifi komai ba, Auta, kuma ga ka nan tsaye, ba wanda ya sare ka."

Gardamar ke nan da wani mutum da yayarsa suka ɗora tun da aka share makokin mahaifinsu. Tsohon ya bar musu kurmi a bayan gari, mai maɗaci da maɗobiya da ƙirya da ɗorawa, da wata siririyar ƙorama da ke tsattsafowa daga gindin itatuwa, ba ta ƙafewa ko da bazara. Shi Auta kayan gyaran babur yake sayarwa a birni, a can kuma wani dillalin filaye ya hure masa kunne. "Mai kuɗi ba ya sayen daji, ranka ya daɗe. Fili yake saye, fetal, wanda zai tsaya a wannan ƙarshe ya hango wancan, ya gina wurin shaƙatawa. Ka ci kuɗin katako, ka dawo ka ci kuɗin fili." Auta ya komo gida da wannan karatu a bakinsa, har da yadda dillalin ke kaɗa makullin mota in yana magana, ko da yake shi na shago ne a hannunsa.

Malamai suka raba gado, namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya. Yayar, wadda sana'arta daddawa ce, ta roƙi a ba ta gefen yamma, inda ɗorawoyi suke da idon ruwan. Auta ya yi saurin yarda, yana dariya a ciki, don ɗorawa ba ta da daraja a wurin masu katako. Dattawan gari suka aiko masa cewa tun kaka da kakanni ba a saran itacen bakin ƙorama. Ya ce a gaishe su, camfi ne. Masu injin yankan itace suka shiga, garin ya yi ta jin kuka kamar na babur ɗin da ba ya zuwa ko'ina, manyan motoci suka yi ta fita a danƙare. Da suka gama, kashi biyun Auta ya koma kamar kan yaron da wanzami ya aske yana sauri: ga tudu, ga kwari, ga kututture ko'ina. Ya tsaya a wannan ƙarshe ya hango wancan, ya ji daɗi. Damina ta zo, ruwa bai sami saiwar da za ta riƙe shi ba, ya kwashe baƙar ƙasar ya bar kwazazzabo. Ƙoramar ta iso kan iyakarsa, ta shige cikin yashi, ba ta ƙara fitowa ba. Kuɗin katakon kuwa ya bi hanyar da irin wannan kuɗi ke bi: shadda, sabuwar waya, da abokai masu cewa "sai Auta." Abin da ya rage masa na gado shi ne filin, da mai sayen da dillali ya yi alkawari.

Mai sayen ya zo cikin bazara, rana tsaka, da Hajiyarsa da 'ya'yansa. Auta ya shige gaba yana nuni da makulli: nan za a yi wurin ninƙaya, can rumfar gashin nama. Alhaji ya yi tuntuɓe da kututture, ya yi salati, ya sake yin wani. Hajiya ta ɗora jaka a ka, ta yi magana ta hanci, ta ce, "Wai nan ne za a riƙa hutawar?" Yaran ba su tsaya jin amsa ba. Sun hango duhun ganye a yamma sun ruga, iyayen suka bi su da sunan za su kamo su. Suka tarar da Yaya a gindin ɗorawa tana ɓarzar kalwa. Ta shimfiɗa tabarma, ta ɗebo ruwan ƙorama a ƙwarya. Kafin Auta ya iso yana haki, bakin yaran ya yi rawaya da garin ɗorawa, Hajiya ta tuɓe takalmi, Alhaji ya cire hula ya ɗora a gwiwa, idonsa na lumshewa.

"Nan nake so," in ji Alhaji.

"Nan ba na sayarwa ba ne," in ji Yaya, ba ta ko ɗago kai ba. "Zama dai kyauta ne."

Alhaji ya juya ga Auta, ba da faɗa ba. Ya ce tumɓuke kututturan nan kaɗai ya fi kuɗin filin, ga rami ga rashin ruwa, in kuma ya dasa maɗaci yau, jikokinsa ne za su zauna a gindinsa. Ya mayar da hularsa. Auta ya dubi filinsa yana tiriri, ya dubi sama, ya dubi ƙasa, sai fuskarsa ta washe.

"Alhaji, a dawo da la'asar. Inuwar ɗorawar nan a filina take faɗuwa. Da ita zan sayar maka, ba zan ƙara ko sisi ba."

Hajiya ta sa takalminta, Yaya ta ci gaba da ɓarza.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman ƙiba aka samo rama.