Kubura da Manhajar Awon Magani

Ɗan'uwa, tunda ka ce an matsa maka ka yanka aikinka gida biyu, zauna ka ji abin da ya faru da wata mai haɗa magunguna.

Kubura sunanta, a wani asibitin yara take aiki. Ta gaji da ganin ma'aikatan jinya suna lissafin magani a tafin hannu, yara na ta kuka a layi, sai ta zauna ta rubuta 'yar manhaja. Ka buɗe baƙin allon kwamfuta ka kira ta, ta tambaye ka nauyin yaro da sunan magani, ta faɗa maka adadin da za ka ba shi, ta rufe. An daɗe ana aiki da ita, ba ta taɓa ba kowa kunya ba. Ana nan sai asibitin ya ɗauko wani injiniya, Sagiru, don ya gina babbar manhajar da likitoci za su riƙa dubawa a waya. Ya jawo manhajar Kubura cikin tasa domin ya ari lissafinta. Ai kuwa tana shiga ta hau tambayar nauyin yaro, alhali babu kowa a gaban allo. Da ta ga ba amsa sai ta rufe kanta, ta rufe tasa tare, kamar baƙon da ya tashi tafiya ya kulle gida da masu gidan a ciki. Sagiru ya ce tana buƙatar gyara, kuma gaskiya ya faɗa. Amma shugaban asibitin sauri yake yi, sai ya yanke hukunci a kwafe lissafin a manna a ta Sagiru, kowa ya riƙe nasa.

Nan fa Kubura ta kafe. Ta san duk ranar da aka sauya ƙa'idar wani magani za a gyara ɗaya a manta da ɗaya, likita ya ga adadi daban, mai jinya ta ga daban, kuma a bakin ɗan wani bambancin zai ƙare. Ta ce wa shugaban, "Ranka ya daɗe, gyara kam zan yi, amma wallahi ba za a raba ta ba." Ya tuna mata cewa ba aikin kwamfuta aka ɗauke ta ba, kuma masu son kujerarta suna da yawa. Aikin nan shi ne rufin asirin gidansu, amma ba ta janye maganar ba. Ta koma ta ware lissafin shi kaɗai, ba ya tambaya, ba ya rufe komai. Tambayoyin kuma ta tattara su wuri guda, ta gindaya musu sharaɗi: in mutum ne ya kira kai tsaye, a tambaye shi, in wata manhaja ce ta jawo, a yi shiru sai an nema. Sagiru ya gwada a gaban shugaba, adadi ya fito a waya. Kubura ta kira ta a baƙin allo, adadin nan ne dai ya fito. Shugaba ya duba wannan, ya duba wancan, ya ɗauki hularsa ya fita, bai sake ta da maganar kwafe lissafin ba.

Saboda haka kai ma ka karɓi gyara da hannu bibbiyu, amma kada ka yarda a tsaga maka aiki. Hausawa sun ce, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.