Abin da ya shiga jikin Baba

Shekarar da muka sami mulkin kai Baba ya dawo daga hamada, inda ya yi wa Nasara leburanci lokacin da suka gwada bam ɗinsu. Ya kwanta ciwo, gashinsa yana zuba a kan matashi.

Wata la'asar na sami Kawu, mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, zaune a tsakar gidanmu na Zango. Na ce, "Kawu, me ke cin Baba?"

Ya ɗora mini gyaɗa biyu a tafi, ɗaya ta fi nauyi. Ya ce, "Haka ƙwayoyin sinadari suke: suna ɗaya, nauyi daban. Izotof ke nan. Tsaka-tsakin nauyinsu ake rubutawa a littafi. Amma wasunsu ba sa zama lafiya, suna ƙona jikin da suka shiga. Irinsu ne babanki ya shaƙa a ƙurar bam."

Na ce, "Ba a tsince su kamar tsakuwa a gero?"

Ya dubi ƙofar ɗakin Baba, ya ce, "Ba a tsincewa, ɗiyata."

Baba bai kai kaka ba. Duk unguwa cewa aka yi iska ce ta taɓa shi. Kawu kaɗai ya gaya mini gaskiya, kuma sai da na tsufa na daina jin haushinsa.