Jakar Ranar Talata

Bel ɗin da ke fito da kayan fasinjoji ya zagayo karo na uku, babu komai a kansa sai jaka ruwan ƙasa mai ɗinkakken hannu. Fasinjoji goma sha tara da jirgin Talata ya sauke duk sun kwashi nasu sun watse. Gwaggon Kaya ta sauke jakar, ta ji ta sakayau kamar kullum.

Haka ma'aikata suke kiranta, don ita kaɗai ce a ofishin kayan da aka manta. Filin jirgin ƙarami ne. Jirgin fasinja ɗaya ke sauka, sau biyu a mako, sai ƙananan jirage na masu feshin gona da na likitoci, waɗanda ba su da kayan mantawa. Shekara goma sha ɗaya tana zaune a ɗakin nan mai taga ɗaya. Mijinta ya rasu, ɗanta yana nesa, waya kuwa sai ran da ya tuna. Da rana takan ci abincinta tana yi wa akwatunan mutane hira da babbar murya, don su dai ba sa duba agogo.

Dokar aikin ba ta da wuya. Duk jakar da aka bari, a kira lambar da ke jikinta. In ba a zo ba har lokacin tashi, a mayar da ita kan bel ta bi ta labulen roba zuwa sito, wajen mai lodi. Shi mai lodin dattijo ne da ke aiki a bayan bango, kunnuwansa kusan kullum a toshe saboda ƙarar jirgi. Ta san hannuwansa fiye da fuskarsa. In sun yi kiciɓis a bakin ƙofa sai ya ɗaga hannu, ita ma ta ɗaga, kowa ya wuce.

Wata bakwai ke nan da jakar ta fara zuwa. Sunan da ke jikinta ya goge, lambar ce kawai ta fito raɗau. Ranar farko da ta rufo ƙofar ofis ta kira, wani tsoho ya ɗauka yana ba da haƙuri, wai tsufa ne, zai aiko a karɓa. Sai ya tambaye ta yaya aiki, kuma ya tsaya ya ji amsar. Rabon da a yi mata haka har ta manta.

Talatar gaba ma jakar ta zo. Ta ce masa, "Baba, kai kam sai an ɗaure ka da jakar nan." Ya yi ta dariya har numfashi ya sarƙe shi. Tana jin wani gurnani a bayan muryarsa, ya ce inji ne a kusa da shi, ba ya hutawa. Daga nan hira ta zama ta kowane mako: gwiwarta, ɗanta, matarsa da ta rasu ta bar masa gida shiru. Wata Talata, tun kafin ta gama sallama, ya ce, "'Yata, yaya tarin?" Ta yi mamaki kaɗan, sannan ta ce a ranta waya ba ta ɓoye komai.

Duk safiyar Laraba in ta leƙa sito, jakar ba ta nan. Mai lodi yakan yi mata nuni da hannu, an tafi da ita.

Ta so ta ga fuskar tsohon. Takan tsaya gefen bel tana ƙare wa duk mai furfura kallo, amma kowa da jakarsa yake fita. Ta san jaka ɗaya da ake mantawa kowane mako abin a kai wa jami'an tsaro ne. Ba ta kai ba, don in an kai hirar ta ƙare.

Yau kuwa ƙarewar ta zo da kanta. Kamfanin ya janye jirgin fasinja, wannan ce saukarsa ta ƙarshe. Tun da safe aka cire wayar ofishinta, aka fitar da teburin. Ba ta gaya wa tsohon ba, bakinta ya kasa. Daga gobe babu jaka, kuma in babu jaka, da wace fuska za ta kira mutumin da ko sunansa ba ta sani ba? Tun asuba ta yanke shawara za ta roƙe shi ya zo da kansa, ko sau ɗaya, kafin a rufe ƙofa.

Mai lantarki ya zo ya kashe bel ɗin, wanda a da yake ta gurnani har a tashi. Zauren ya yi tsit, irin shirun da ba ta taɓa ji a wurin ba. Tunda babu ofishin shiga, ta tsaya nan gefen bel da jakar a ƙafarta, ta zaro wayarta ta hannu. Ba ta duba lambar ba, ta daɗe da haddace ta.

Aka ɗauka a bugun farko.

"Baba, ni ce," ta ce. "Don Allah yau kar ka aiko. Ka zo da kanka."

A cikin wayar ma yau babu gurnanin injin nan. Sannan ya ce, "To, 'yata, ga ni nan," sai muryar ta zo mata ta wuri biyu, ta cikin wayar da ta bayan labulen roba, wanda hannun nan da ta sani yake ɗagawa a hankali.