Baitin da Babu Wurin Numfashi

Tun kafin ya nemi aurenta, duk waƙar da ya tsara wa fim ko wasan dandali, ita ke rerawa. Numfashinta gajere ne tun ƙuruciya, shi ya sa yakan bar mata wurin hutawa a tsakiyar kowane baiti. Ba wanda ya sani sai su biyu.

Ranar nan ta shiga ɗakin ɗaukar murya, kiɗa ya tashi. Baitin farko ya miƙe, ya yi ta tafiya ba tsayawa, har ƙirjinta ya ɗaure, muryar ta tsinke. Ta sake gwadawa, haka dai.

Ta dube shi ta cikin gilashi. Kansa a sunkuye, yana ta murza wani maɓalli ba gaira ba dalili.

"Malam, ina wurin numfashina?"

"Mantawa na yi. Ki ɗan daure mana."

"Kai da ko zazzaɓi bai taɓa sa ka mantawa ba?"

Sai a lokacin ta lura an ɗaga makirfon ya fi tsayinta, tun ɗazu ɗage take yi. Ta ambaci Allah a zuci.

"Wadda ka tsara wa wannan, doguwa ce ko?"

Ya miƙa hannu ya kashe kiɗan. Cikin shirun nan aka ƙwanƙwasa ƙofa a hankali. Ya tashi, ya gyara wuyan rigarsa, sannan ya nufi ƙofar.