Manomin da Ya Sari Reshe a Gaban Malamin Daji

Ka tambaye ni yadda doka ke shiga zuciyar talaka, to ga misali. An yi wani manomi a wata ƙasa mai rairayi, wanda ya buɗe ido ya tarar cewa kowace bishiya ta hukuma ce, ko da a tsakiyar gonar ubanka ta tsiro. In ka sari reshe, malamin daji ya ƙwace gatarinka ya tasa ƙeyarka gaba. Saboda haka duk shekara, lokacin sharar gona, shi da maƙwabtansa sukan bi tohon gawo da kalgo da aduwa su sare tun bai kai gwiwa ba, kada ya girma ya jawo musu fitina. Gonaki suka koma fayau kamar tafin hannu. In an yi shuka, iskar farkon damina ta kwaso rairayi ta binne gero tun yana jariri, sai a sake wata. Matarsa kuwa da kara da kashin shanu take hura wuta. Ana nan sai aka yi shela a kasuwa cewa hukuma ta sake shawara: itacen da ka raina a gonarka naka ne, ka ci 'ya'yansa, ka yi rufi da rassansa, in dai ba ka kashe shi daga tushe ba. Jama'a suka ji, suka taɓe baki. Suka ce tarko ne, so ake su sha wahalar raino, in itatuwa sun girma a dawo da tsohuwar doka. Shi ma hankalinsa bai kwanta ba, amma ya dubi gonarsa ya ga babu sauran abin da za a ƙwace masa. Da shara ta zo, sai ya riƙa tsugunawa gaban kowane kututture, ya zaɓi tohon da ya fi miƙewa ya bari, ya datse sauran. Masu wucewa suna yi masa ba'a, wai lalaci ya hana shi share gona. Shi kuwa ya ci gaba da aikinsa.

A kwana a tashi itatuwan suka wuce shi tsawo. Iska ta rage ƙarfi a gonarsa, ganye ya zuba ya zama taki, geron da ke gindin gawo ya yi baƙi ƙirin don ƙoshi. Maƙwabta suka gani, amma suka ce, bari dai ya taɓa reshe ɗaya mu ga yadda za ta kaya. Ya kuwa san gaskiya suka faɗa, don har lokacin bai taɓa ɗaga gatari a kansu ba. Sai wata kaka gara ta cinye ƙafafun rumbunsa, ga dammunan gero jibge a ƙasa, awaki na zagaye, dole ya nemi itacen gyara. Da ya so, da ya yi sara a ɓoye kamar yadda aka saba. Amma ya ce a ransa, abin da sai ka ɓuya za ka taɓa, ai bai zama naka ba. Ya jira ranar kasuwa, ranar da malamin daji ke bi ta bakin gonarsa a kan babur, hanya kuma cike take da mutane. Ya hau gawon da ke daf da hanya, ya fara sara. Babur ya iso, ya tsaya. Masu zuwa kasuwa suka yi cirko-cirko da kaya a kai. Malamin daji ya sauko, ya ɗaga kai ya ce, "Sannu da aiki, baba. Naka ne?" Manomi ya ce, "Ni na raine shi, ranka ya daɗe." Malamin daji ya ce, "To, karkata saran, kada ruwa ya kwanta a bakinsa ya ruɓar maka da itace." Sannan ya miƙa hannu ya tallabi reshen don kada ya yage ɓawo wajen faɗuwa, suka sauke shi tare. Ya kakkaɓe hannu, ya yi sallama, ya hau babur ɗinsa ya wuce.

Kafin kasuwa ta watse labari ya game ƙauyuka. Da sharar gona ta zagayo, dattijon da ya fi kowa yi wa manomin ba'a shi ya fara zuwa, ya tsuguna kusa da shi ya ce a nuna masa yadda ake zaɓen toho. Namijin ƙoƙari manomin nan ya yi, da ya sa wuyansa ya gwada alkawarin hukuma a bainar jama'a, kuma madalla da ma'aikacin da bai kunyata dokar da aka aiko shi da ita ba. Shi ya sa Hausawa ke cewa, gani ya kori ji.