Taken Guduma

Tun da aka hana mutane dambe, mutum-mutumi ke shiga fili. Namu sunansa Guduma. Ni da abokaina Lawwali da Hannatu muka ƙera shi a Gusau, muka koya masa naushi da tsofaffin bidiyon damben marigayi baban Lawwali.

Ranar wasan ƙarshe aka busa usur, Guduma ya tsaya ƙiƙam. Na 'yan Jos ya ɗirka masa naushi, kafaɗarsa ta lotse.

"Batir ne?" na tambaya.

Hannatu ta dafe kai. "Kalangu! Duk bidiyon da ya gani akwai kiɗa. Takensa yake jira."

Lawwali ya kifa akwatin kayan aikinmu, ya hau kaɗa taken babansa. 'Yan kallo suka kama da tafi. Guduma ya girgiza, ya kai hannu sau ɗaya, abokin karawarsa ya zube.

Sai Guduma ya sunkuya ya ɗaga shi, ya kakkaɓe masa ƙasa.

"Wannan fa babu shi a bidiyon," Hannatu ta ce a hankali.

Lawwali ya share ido. "Haka Baba yake yi, bayan an kashe kyamara."